Daga Legas 1973 zuwa Abuja 2022: Hamayyar ƙwallo tsakanin Najeriya da Gana da tarzomar 'yan kallo

Sau biyu wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya tsakanin Najeriya da Gana ya ƙare da tarzomar 'yan kallo a filin Najeriya. Na farko ya auku a Legas ranar 10 ga Fabrairun 1973, na biyu kuma a Abuja ranar 29 ga Maris ɗin 2022. Shekara 49 ce tsakaninsu, amma kamar an kwafi ɗaya daga ɗaya: an cika wa jama'a ciki da alkawarin nasara, baƙi suka zo suka rushe lissafin, tsaron filin ya gaza, daga ƙarshe kuma masu gida suka ɗauki asarar. Tarihin waɗannan ranaku biyu ba ya fahimtuwa sai an koma ga daɗaɗɗiyar dangantakar da ke tsakanin ƙasashen, wadda Hausawa ke tsakiyarta.

Zumuncin da ya riga ƙwallo

Tun kafin Turawa su shata iyakoki, fataken Hausa daga Kano da Katsina da sauran garuruwa suna bin hanyar Gwanja da ayarin jakuna, su kai kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Da yawansu ba su dawo ba. Sun kafa zango-zango a Kumasi da Tamale da Akra, wadda mutanen dā ke kira Ankara, inda unguwanni irin su Sabon Zango da Nima suka zama gidan Hausa har yau. Daga irin waɗannan unguwannin Musulmi ne Gana ta samu wasu daga cikin gwanayen ƙwallonta: Baba Yara, wanda babban filin wasa na Kumasi ke ɗauke da sunansa, da Mohammed Polo, da Abdul Razak da ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978, da kuma Mohammed Kudus na wannan zamani, wanda ya tashi a Nima.

Saboda haka idan Najeriya da Gana suka haɗu a fili, akwai masu jin Hausa a kowane ɓangare, cikin 'yan wasa da cikin 'yan kallo. Dangantakar ta fi kama da ta abokan wasa, irin ta Katsinawa da Gobirawa ko Kanawa da Zagezagi, inda ake tsokanar juna a kan wa ya fi wani, har a kan wa ya fi iya dafa-duka. Bambancin shi ne wasan barkwanci yana da iyakar da kowa ya sani, ita kuwa hamayyar ƙwallo an sha ɗora mata kayan da ba nata ba.

Kofin Jalco da zamanin Nkrumah

Hamayyar ta samu tsari ne a zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake kiran Gana da suna Gwalkwas. Daga 1951 zuwa 1959 ƙasashen biyu sun riƙa karawa a kan kofin Jalco, wanda wani kamfanin sayar da motoci ya sa. Najeriya ce ta lashe karon farko a Legas da ci 5 da nema. A 1955 Gwalkwas ta rama a Akra da ci 7 da nema, kayen da har yanzu babbar ƙungiyar Najeriya ba ta sake shan irinsa ba.

Da Gana ta samu 'yanci a 1957, Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin wata hanya ta nuna wa duniya cewa baƙar fata zai iya tsayawa da ƙafarsa. Ya damƙa harkar wasanni a hannun Ohene Djan, gwamnati ta zuba kuɗi, kuma ƙungiyar Black Stars ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965. Wasan farko da Najeriya ta taɓa bugawa na neman shiga gasar cin kofin duniya ma da Gana ta yi shi, a 1960. Gana ta ci 4 da 1 a Akra, aka yi 2 da 2 a Legas, Najeriya ta fita. Ƙasar da ta ninka Gana yawan jama'a sau da yawa ta tashi tana kallon ƙaramar maƙwabciyarta a gaba, kuma wannan ya daɗe yana ci wa masu son ƙwallo a Najeriya tuwo a ƙwarya.

Korar baƙi

Abin da ya sa wa hamayyar ɗaci ya fito ne daga wajen fili. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar da ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Gana. Dubban 'yan Najeriya, Yarbawa 'yan kasuwa da Hausawan zango, suka tattara abin da za su iya ɗauka suka kama hanya. Cikinsu akwai waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, suka iso gida a daidai lokacin da yaƙin basasar Najeriya ke gab da ƙarewa.

Bayan shekara 13 da 'yan watanni abin ya juya. A Janairun 1983 farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice. Kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya ne suka tafi. Jakar leda mai zane-zane da suka zuba kayansu a ciki ita ce har gobe ake kira Gana-mas-go a kasuwannin Najeriya. Tarzomar farko ta faɗo ne tsakanin waɗannan kore-kore biyu, lokacin da zafin na farko bai huce ba.

Legas, 10 ga Fabrairun 1973

Shekarar 1973 ta fara wa Najeriya da daɗi. A watan Janairu Legas ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu a sabon filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta gina da kuɗin mai. Ƙungiyar Green Eagles, kamar yadda ake kiranta a lokacin, ta doke Gana a zagayen rukuni, sannan ta ci Gini 2 da nema a wasan ƙarshe ta ɗauki lambar zinare. Jama'a suka sakankance cewa zamanin fifikon Gana ya wuce.

Ba a cika wata ɗaya ba aka sake haɗuwa a wannan fili, a zagaye na biyu na neman shiga gasar cin kofin duniya ta 1974 a Jamus ta Yamma. Gurbi ɗaya tak aka ware wa Afirka duka. An yi ta cin juna har wasa ya kai 2 da 2, sai Gana ta jefa ta uku ana dab da tashi. Nan 'yan kallo suka fara ruwan duwatsu da kwalabe, wasu suka kutsa cikin fili. Alƙalin wasa ya tsayar da wasan saura 'yan mintoci. Sai da jami'an tsaro suka yi wa 'yan wasan Gana rakiya suka fita, kuma a waje aka cinna wa motar 'yan Gana wuta.

Hukumar FIFA ta bai wa Gana nasara da ci 2 da nema. Wannan hukunci ya ƙara wa Najeriya nauyi, domin tazarar ƙwallo ɗaya da aka bari a fili ta koma biyu a takarda. Wasa na biyu a Akra ya tashi babu ci, Gana ta wuce, ita ma Zayar ta fitar da ita a zagaye na gaba. Duwatsun da aka jefa ba su rage wa Gana komai ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Shekarun da ke tsakani

Daga nan rinjaye ya yi ta sauya hannu. Gana ta ƙara cin kofin Afirka a 1978 da 1982, Najeriya ta ci nata a 1980 da 1994 da 2013. Gana ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe a Senegal a 1992, da na kusa da kusa da na ƙarshe a Akra a 2008, da kuma na kusa da na ƙarshe a Angola a 2010. Najeriya ta ci Gana 3 da nema a Fatakwal a 2001 ta tafi gasar cin kofin duniya ta 2002, kuma a Mali a 2002 ƙwallon Garba Lawal, ɗan Kaduna, ita ta kori Gana daga gasar kofin Afirka. Duk waɗannan wasanni an yi su an tashi ba tare da irin abin da ya faru a Surulere ba.

Gana ita ma ta ga nata bala'in, a cikin gidanta. Ranar 9 ga Mayun 2001 Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 a filin wasa na Akra. Magoya bayan Kotoko suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba musu barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga neman mafita suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu a turmutsitsin, kuma unguwannin zango na Akra na cikin waɗanda suka fi yin jana'iza. Wannan yana cikin bala'o'i mafi muni da aka taɓa gani a filin ƙwallo a Afirka.

Abuja, 29 ga Maris ɗin 2022

Najeriya ta shiga 2022 ba a natse ba. An sallami mai horarwa Gernot Rohr a Disamban 2021, aka ɗora Augustine Eguavoen. A gasar kofin Afirka ta Kamaru ƙungiyar ta ci wasanninta uku na rukuni a Garwa, sai Tunisiya ta fitar da ita da ci 1 da nema. Gana kuwa ko zagayen rukuni ba ta wuce ba, har tsibirin Komoros ya doke ta. Da ƙuri'a ta haɗa ƙasashen biyu a zagayen ƙarshe na neman zuwa Katar, mafi yawan 'yan Najeriya sun ɗauka an gama.

Wasan farko a filin Baba Yara na Kumasi ranar 25 ga Maris ya tashi babu ci. Aka dawo filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, mai cin mutum dubu 60, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, kuma Aliko Dangote ya kashe dala miliyan ɗaya wajen sabunta ciyawarsa. Gwamnati ta sallami ma'aikata da rana don su je kallo, aka raba dubban tikiti kyauta, tun kafin a fara wasa ƙofofi suka cushe. A daren jajiberin wasan ne kuma 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe fasinjoji suka sace da dama. Jama'ar da ta cika filin ta zo ne da zuciya a ƙuntace, tana neman abu ɗaya da zai faranta mata.

Wanda bai samu zuwa Abuja ba, gidan kallo ne filinsa. A garuruwan tsakiyar jihar Katsina irin su Dutsin-Ma da Kurfi da Kuki, kamar sauran garuruwan Arewa, gidan kallon ƙwallo rumfa ce ta kwano ko ta zana, da bencina a jere, da talabijin a sagale, da janareta yana ruri a baya. A ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli, da yaro mai karɓar kuɗin shiga. A ranakun gasar Ingila 'yan Arsenal da 'yan Chelsea da 'yan Manchester ke raba bencinan suna yi wa juna tsiya, amma ranar wasan Super Eagles rumfar kan zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. An take wasan da ƙarfe 6 na yamma, hutun rabin lokaci ya zo daidai da sallar magariba.

Kafin wannan hutu an riga an ci duk ƙwallayen da za a ci. Wajen minti na 10 Thomas Partey na Gana ya ɗaɗo wata daga wajen da'ira, ta kufce wa mai tsaron raga Francis Uzoho ta shige. A minti na 22 William Troost-Ekong ya farke wa Najeriya da bugun fenareti. Victor Osimhen ya jefa wata a raga, na'urar taimaka wa alƙali ta nuna satar gida, aka soke. Haka aka tashi 1 da 1. A ƙa'idar da ake bi a wannan zagaye, idan jimillar ci ta zo daidai, wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Gana ta ci ɗaya a Abuja, Najeriya ba ta ci ko ɗaya a Kumasi ba. Ba a doke Najeriya a ko ɗaya daga cikin wasannin biyu ba, amma ta rasa gurbin, bayan ta halarci shida daga cikin gasa bakwai da suka gabata.

Da alƙalin wasa ya hura tashi, 'yan kallo suka tsallako shinge suka malalo cikin fili. 'Yan wasan Gana suka yanke murna suka ruga ɗakin sauya kaya ana jifansu da robobin ruwa. Aka kifar da rumfunan da masu horarwa ke zama, aka farfasa allunan talla, aka yayyaga ragar gola. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. A wannan dare ne Dokta Joseph Kabungo, likita ɗan Zambiya da ya zo aikin gwajin shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ya rasu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta ce bugun zuciya ne ya yi ajalinsa.

Cikin kwana biyu NFF ta rushe tawagar masu horarwa. FIFA ta ci Najeriya tarar kuɗin Suwizalan faran dubu 150, sama da naira miliyan 60 a canjin lokacin, ta kuma yanke cewa a buga wasa ɗaya babu 'yan kallo. Kayan da aka lalata duka na Najeriya ne, a filin da ba a daɗe da gyarawa ba.

Kano da Katsina

Wannan ɗabi'a ba sai an tsallaka iyakar ƙasa ake ganinta ba. Kwana 18 bayan abin da ya faru a Abuja, ranar 16 ga Afrilun 2022, cikin watan azumi, Kano Pillars ta karɓi Katsina United a filin wasa na Sani Abacha. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, wannan ne komawarta gaban jama'arta, kuma ƙungiyoyin biyu suna fafutukar kauce wa faɗuwa daga gasar firimiya. Ana tsaka da wasa babu ci, a ƙarshe-ƙarshen zagaye na biyu, 'yan kallo suka kutsa fili, wasa ya watse, aka ragargaza motar Katsina United. Hukumar shirya gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta mayar da wasanninta Abuja.

Ba wannan ne karo na farko ba. A Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, magoya bayan Pillars sun far wa alƙalin wasa bayan an tashi 1 da 1 da Enugu Rangers, aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. A ƙarshen kakar 2022 Pillars, mai kofin gasar huɗu a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na ƙasa, Katsina United ma ta bi ta. Sai a 2023 suka dawo tare. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Sauran duniya

Talauci kaɗai ba ya bayyana wannan hali, domin ƙasashe masu arziki ma sun gan shi. A Kanada wasan hoki na kan ƙanƙara ne abin alfaharin ƙasa, kuma ƙungiyoyinta suna gasa ɗaya da na Amurka a kan kofin Stanley. Ranar 15 ga Yunin 2011 ƙungiyar Boston Bruins ta Amurka ta je birnin Vancouver ta ci Canucks 4 da nema a wasan yanke hukunci, alhali rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin tun 1993. Taron da ya cika tsakiyar birni yana kallo a manyan alluna ya juya ya ƙone motoci ya fasa shaguna, aka jikkata mutane kusan 140. Irin haka ta taɓa faruwa a birnin a 1994, bayan New York Rangers ta doke ƙungiyar. Nan ma birninsu suka ɓarnata da hannunsu. Sai dai hukuma ta bi hotuna da bidiyon da aka ɗauka, ta gurfanar da mutum kimanin 300 a kotu ɗaya bayan ɗaya.

Inda abin ya fi muni shi ne inda wasa ya tarar da rikicin baƙi da 'yan ƙasa a ƙasa. A 1969 tarzomar da ta biyo wasannin neman gurbi tsakanin El Salvador da Honduras ta rura wutar rigimar gonaki da korar baƙi, ƙasashen biyu suka gwabza yaƙin kwana huɗu a watan Yuli. A 1993, bayan wasan Asante Kotoko da ASEC Mimosas ta Abijan a Kumasi, an far wa 'yan Gana mazauna Abijan, aka kashe wasu, dubbai suka gudu gida. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar ba 'yan ƙwallo ba ne, 'yan ci-rani ne da ƙananan 'yan kasuwa. Wannan darasi ya shafi Hausawa kai tsaye, domin kusan babu babban birni a Afirka ta Yamma da ba su da zango a cikinsa.

Abubuwan da suke maimaituwa

Idan aka jera waɗannan aukuwa, abubuwa huɗu ne ke dawowa. Na farko shi ne cika baki kafin wasa, inda jami'ai da 'yan jarida ke sayar wa jama'a nasara tun ba a taka leda ba, har faɗuwa ta zama kamar cin amana. Na biyu shi ne rashin amincewa da alƙalanci, wanda ya yi katutu a gasar cikin gida, inda aka saba ganin mai gida ba ya faɗuwa a gidansa. Na uku shi ne tsarin fili: shigar da mutane fiye da yadda za a iya kula da su, ƙarancin masu tsaron da aka horar don taro, ƙofofin fita a rufe, da harba barkonon tsohuwa a wurin da babu mafita, abin da ƙa'idojin tsaro na FIFA suka hana. Na huɗu shi ne yadda hukunci ke sauka. A Agege da Abuja da Kano, hukuma ko ƙungiya ce ta biya tara, aka hana dubban 'yan kallon da ba su jefi kowa ba shiga fili, shi kuwa wanda ya ɗaga dutse ya saje cikin taro.

Najeriya da Gana sun ci gaba da haɗuwa bayan 2022. A Maris ɗin 2024 sun yi wasan sada zumunta a Marakesh ta Maroko, Najeriya ta ci 2 da 1, a Mayun 2025 kuma suka sake karawa a Landan, Najeriya ta maimaita wannan ci. Duka wasannin biyu a ƙasar wasu aka buga su, kuma an tashi lafiya.